BABI NA TAKWAS: LASISI DA DOKOKIN SAMAR DA WUTAR LANTARKI DAGA RUWA A NIJERIYA

8.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an nuna hanyoyin da Hausa take bi wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi, wato aro da ƙirƙira da faɗaɗa ma'ana. A wannan babi za a ɗauki fage guda na aikin hukuma a bi shi daki-daki, domin ɗalibi ya ga yadda irin waɗannan kalmomi suke aiki a wurin da kuskure yake da tsada. Fagen kuwa shi ne yadda gwamnatin Nijeriya take ba da izinin samar da wutar lantarki daga ruwan koguna, da yadda take sa ido a kan waɗanda ta bai wa izinin.

Ba haka kawai aka zaɓi wannan fage ba. Manyan tashoshin da ake magana a kansu guda huɗu ne: Kainji da Jebba a kan Kogin Kwara, wanda Turawa suke kira Neja, sai Shiroro da Zungeru a kan Kogin Kaduna. Dukkansu suna cikin jihar Neja ne ko a kan iyakarta da jihar Kwara. Mutanen da ruwan waɗannan madatsu ya ci gonakinsu, ko yake yi musu ambaliya, sun haɗa da Gungawa da Kambari da Busawa da Nufawa da Gwarawa da Hausawa masunta, kuma harshen da ya haɗa yawancinsu a kasuwa shi ne Hausa. Amma takardun da suka yanke hukunci a kan makomarsu da Ingilishi aka rubuta su. Tsakanin takardar da manomi akwai mutum guda: ko tafinta, ko ma'aikacin gidan rediyo, ko malamin firamare da dagaci ya aika a kira domin ya karanta wasiƙa. Sau da yawa wannan mutum ɗalibin Hausa ne irin mai karanta wannan littafi, kuma ba ya yiwuwa ya fassara abin da shi kansa bai fahimta ba.

8.1 Yadda Ruwa Yake Zama Wuta

Akan datse kogi da katanga har ruwa ya taru ya zama tafki. Daga nan sai a sako shi ta cikin manyan bututu, ya gangaro da ƙarfi ya juya farfelar inji, ita kuma ta juya janareta. Yawan wutar da ake samu ya dogara ne ga abu biyu, wato yawan ruwan da tsawon gangaren da ya faɗo. Ana auna ƙarfin tasha da megawat, kuma megawat 1 daidai yake da kilowat 1,000. Kainji, wadda aka kammala a 1968, an girka mata injinan megawat 760. Jebba ta 1985 tana da kimanin 578. Shiroro ta 1990 tana da 600. Zungeru da aka kammala a 2023 tana da 700.

Ta fuskar harshe, a lura cewa Hausa tana da kalma biyu a nan. *Dam* aro ce daga Ingilishi. *Madatsa* kuwa 'yar gida ce, an gina ta daga aikatau *datse* a bisa tsarin sunan wuri, kamar *marina* da *majema* da *makaranta*. Manomin Kadawa *dam* yake cewa, mai karanta labarai ya ce *madatsar ruwa*, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

8.2 Daga Hannu Ɗaya Zuwa Hannu da Yawa

Samar da wuta daga ruwa a Nijeriya da 'yan kasuwa ya fara. A 1929 kamfanin NESCO ya soma aiki da tasharsa ta Kurra a tsaunukan Jos, domin bai wa masu haƙar kuza wuta. Bayan haka gwamnati ta kafa hukumar lantarki ta ECN a 1950, da Hukumar Madatsun Kogin Neja a 1962, wadda ita ce ta gina Kainji. A 1972 aka haɗe su biyun suka zama NEPA. Tsawon shekara 33 NEPA ita ce mai samar da wuta, ita ce mai dakonta, ita ce mai sayarwa, kuma kusan ita ce alƙalin kanta. A irin wannan hali maganar lasisi ba ta da wani nauyi, domin gwamnati ce take bai wa kanta izini.

Dokar Garambawul ga Harkar Wutar Lantarki ta 2005 ita ce ta sauya wannan tsari. Ta rushe NEPA, aka raba kadarorinta ga kamfanoni 18: guda 6 na samarwa, 11 na rarrabawa, 1 na dakon wuta a kan manyan turaku. Ta kuma kafa Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NERC, mai hedikwata a Abuja, da kwamishinoni 7 da shugaban ƙasa yake naɗawa bisa amincewar Majalisar Dattawa. A 2023 aka soke dokar 2005 aka maye gurbinta da Dokar Wutar Lantarki ta 2023, amma NERC ta ci gaba da aikinta.

8.3 Kogin na Wane ne?

Mai neman gina tashar gas ƙasa yake buƙata da bututun gas. Mai neman datse kogi kuwa abin da yake nema ba na mutum ɗaya ba ne, saboda haka ƙofofin da zai ƙwanƙwasa sun fi yawa. Shi kansa ra'ayin cewa ba a taɓa ruwa sai da izini ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai Sarkin Ruwa, kuma har yau a Argungu ba a kamun kifi a Matan Fada sai ranar da aka buɗe shi. Abin da ya sauya shi ne mai ba da izinin da kuma girman abin da ake bayarwa.

Ƙofa ta farko ita ce ta ruwa. Tsarin Mulkin 1999 ya sanya ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a cikin jerin abubuwan da suka keɓanta ga Gwamnatin Tarayya. Dokar Albarkatun Ruwa, wato dokar soja mai lamba 101 ta 1993, ta damƙa ikon sarrafa irin wannan ruwa ga Tarayya, ta kuma bai wa ministan albarkatun ruwa ikon ba da lasisin tare shi ko karkatar da shi. Akwai wani sashe na dokar da ya kamata kowane tafinta ya riƙe da kyau, domin shi ne ya fi shafar talaka: kowa yana da damar ɗibar ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi, da yin su da sufuri a cikinsa, kuma mai gona a bakin ruwa yana iya yi mata ban-ruwa ba tare da biyan ko kwabo ba. Lasisin da kamfani ya samu bai shafe wannan haƙƙi ba. Idan aka fassara sanarwa ta yadda masunci zai ji kamar kogin ya zama na kamfani, to, an ƙwace masa da baki abin da doka ta bar masa. A aikace, Hukumar Kula da Albarkatun Ruwa ta Bai-ɗaya, NIWRMC, ita take ba da lasisin amfani da ruwa. An yi yunƙurin haɗe dokokin ruwa wuri ɗaya a majalisa ta takwas da ta tara, amma ƙudurin ya sha suka daga masu ganin zai ƙara wa Tarayya iko a kan filayen bakin kogi, bai kuwa zama doka a lokacin ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gwamna yana da ikon soke haƙƙin zaman mutum a kan fili saboda maslahar jama'a, sannan a biya shi. Sai dai abin da ake biya shi ne abin da yake bisa ƙasar, wato gini da amfanin gona da itatuwa masu amfani, ban da ita ƙasar kanta. A nan ne kalmar *diyya* takan yaudari mai sauraro. Asalinta Larabci ne, kuma ma'anarta ta farko ita ce fansar rai ko rauni a shari'a, wadda take da ƙayyadadden mizani. Bahaushe ya faɗaɗa ta ta ƙunshi duk biyan da aka yi don rage hasara. Manomin da aka gaya wa za a ba shi diyyar gonarsa yakan sa ran kuɗin da zai sayi wata gona irinta. Jami'in da ya zo kuwa itatuwan mangwaro da kunyoyin dawa yake ƙirgawa. Fassara ta gaskiya ita ce a ce "za a biya kuɗin amfanin da yake cikin gonar", ko da kuwa jimlar ta fi tsawo, kuma ba ta da daɗin ji.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne sai ya tuna da Bakolori. An kammala wannan madatsa a kan Kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara a 1978, musamman domin noman rani. Manoma suka yi ta kukan rashin biyan haƙƙinsu har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka yi asarar rayuka. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, wasu majiyoyi suka ce ɗaruruwa ne.

Ƙofa ta uku ita ce ta muhalli. Dokar soja mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta binciken tasirin aiki ga muhalli kafin a fara manyan ayyuka. Daga cikin ayyukan da babu makawa sai an yi musu cikakken bincike akwai tashar wutar da katangarta ta wuce mita 15, ko tafkinta ya wuce kadada 400. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ita take duba rahoton, kuma kafin ta amince akan baje shi na tsawon kwanakin aiki 21 a wurare irin su sakatariyar ƙaramar hukuma domin jama'a su karanta su yi ƙorafi. A rubuce tsari ne mai kyau. Amma rahoton yakan kai ɗaruruwan shafuka cikin Ingilishin injiniyoyi, mutumin da tafkin zai haɗiye gidansa kuwa wataƙila da ajami kaɗai yake karatu. Baje irin wannan littafi a gabansa cika sharaɗi ne kawai. Ya kamata a ce taƙaita rahoton cikin harshen mutanen wurin, da karanta shi a rediyo, yana cikin abin da ake tilasta wa mai aiki. Kainji da Jebba da Shiroro duk an gina su kafin wannan doka ta fito.

8.4 Lasisin Samar da Wuta

Sai an wuce waɗannan ƙofofi ake isa ga ta huɗu, wato NERC. Ƙa'idar da aka kafa tun 2005 ita ce, duk mai samar da wutar da ta haura megawat 1 a wuri guda domin sayarwa sai ya mallaki lasisi. Wanda zai samar da irin wannan adadi don amfanin masana'antarsa kaɗai takardar izini yake nema. Ƙananan tashoshin ƙauye kuwa, a bisa ƙa'idojin da aka fara fitarwa a 2016, waɗanda ba su wuce kilowat 100 ba rajista ta wadatar da su. Matakai uku ke nan masu nauyi daban-daban, kuma Hausa tana da kalma ga kowane: *lasisi* da *izini* da *rajista*. Bai dace mai fassara ya cakuɗa su don gudun maimaici ba, kamar yadda akan koya wa ɗalibai a darasin insha'i. A rubutun doka maimaita kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya shi ne daidai. Haka kuma a bambanta *doka*, wadda majalisa take yi, da *ƙa'idoji*, waɗanda hukuma take fitarwa da ikon da dokar ta ba ta.

Ita kalmar *lasisi* misali ce mai kyau ta yadda Hausa take nashe baƙuwar kalma. An sauke baƙin hanci na tsakiya, aka ƙara wasali a ƙarshe domin ta dace da tsarin gaɓar Hausa. Tana da 'yar'uwa, *lasin*, wadda aka fi ji a bakin direbobi.

Mai neman lasisi yakan gabatar da shaidar rajistar kamfani, da takardun fili, da amincewar Ma'aikatar Muhalli, da lasisin ruwa, da shaidar yana da kuɗi da ƙwararrun da za su yi aikin, da yarjejeniyar jona tasharsa ga babban layin ƙasa, da kuma yarjejeniya da wanda zai sayi wutar. Daga nan sai a buga sanarwa a jaridu, a ba da kwana 21 ga duk mai ja. Idan an ba da lasisin, to, na ƙayyadadden lokaci ne, kuma yana ɗauke da sharuɗɗa. Ba a sayar da shi ko a miƙa wa wani sai da yardar hukumar. Kamfani ba ya yanka wa wutarsa farashi yadda ya ga dama, sai a bisa tsarin farashin da NERC ta fara aiki da shi a 2008. Ba ya kuma kunna inji ko ya kashe a lokacin da ya so, domin cibiyar kula da babban layi da take Oshogbo ita take faɗa wa kowace tasha adadin da za ta tura. Wanda ya saɓa ana iya cin tararsa, ko a dakatar da lasisinsa, ko a soke bayan an saurare shi. Cewa hukumar tana da haƙora ya bayyana a Janairun 2024, lokacin da ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin rarraba wuta na Kaduna saboda tarin bashi.

Sai dai lasisi alkawari ne mai fuska biyu. Kamfani ya ɗauki nauyin samar da wuta, kasuwa kuma ta ɗauki nauyin biyansa. Ɓangare na biyu ya daɗe yana ɗingishi. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun bayyana cewa bashin da suke bi ya kai naira tiriliyan 4. Da wuya hukuma ta tsananta wa wanda ba a biya shi haƙƙinsa ba.

A watan Maris na 2023 aka yi wa Tsarin Mulki gyaran da ya bai wa jihohi damar yin dokokin wutar lantarki ko da a yankunan da babban layin ƙasa ya ratsa, sannan dokar da aka sa wa hannu a watan Yuni ta tsara yadda za a miƙa musu ikon. Enugu da Ekiti da Ondo suna cikin na farko da suka karɓa a 2024. Manyan tashoshin nan huɗu, da yake wutarsu tana tsallaka jihohi, suna nan a ƙarƙashin NERC. Inda sauyin zai fi tasiri shi ne ƙananan tashoshi, irin ta megawat 10 da Gwamnatin Kano ta girka a madatsar Tiga. Ko a nan ma jiha ba ta da cikakken iko, domin ruwan Tiga yana hannun hukumar Tarayya ta raya kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma manoman Kadawa da na fadamun Haɗeja da Nguru suna jiran ruwan nan da injin yake buƙata.

8.5 Sayarwa, Jingina ko Haya?

A ranar 1 ga Nuwamba, 2013 aka miƙa kamfanonin wuta ga 'yan kasuwa. A bakin jama'a magana ɗaya ce: "an sayar da NEPA". Kafofin yaɗa labarai kuma suka riƙa cewa an *cefanar*. Game da tashoshin gas irin su Ughelli da kamfanonin rarrabawa, maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin hannun jari aka sayar. Game da tashoshin ruwa kuwa ba haka ba ne. Gwamnati ba ta sayar da Kainji ba. Ta damƙa gudanar da Kainji da Jebba ga kamfanin Mainstream Energy Solutions, Shiroro kuma ga North South Power, na tsawon shekara 30, a bisa sharaɗin su gyara injina, su riƙa biyan gwamnati kuɗi, sannan su mayar idan wa'adi ya cika. Madatsar da tafkin suna nan mallakar Tarayya. Haka aka yi wa Zungeru, wadda Mainstream ya ci takararta a 2023 da tayin kimanin dala miliyan 70 a kowace shekara.

To, da wace kalma za a kira wannan ciniki? Kalmar Ingilishin da take cikin takardun, *kwanseshan*, tana da ma'ana fiye da ɗaya, kuma wanda ya dogara ga ƙamus kaɗai yana iya ɗauko *rangwame* ko *sassauci*, ya ce gwamnati ta yi wa kamfani rangwamen Kainji. Wannan kuskure ne tsagwaro. 'Yan jarida sun fi amfani da *jingina*, kamar a "za a jinginar da filayen jiragen sama", har kunne ya fara sabawa. Amma a duba abin da Bahaushe ya sani da jingina. Mai gona ya shiga matsi, ya karɓi kuɗi a hannun wani, ya ba shi gonar ya riƙa nomawa har ranar da zai mayar da kuɗin ya fanshi abarsa. A cikin jingina akwai bashi, akwai fansa, galibi babu tsayayyen wa'adi, kuma akwai ɗan abin kunya ga mai gonar. A yarjejeniyar Kainji babu bashin da gwamnati za ta biya kafin ta karɓi kayanta; kamfanin ne yake biya, kuma wa'adi ne yake kawo ƙarshen zaman. Saboda haka *haya* ta fi kusa, duk da cewa ɗan haya na gida ba a ɗora masa sake rufin ɗaki, shi kuwa wannan an ɗora masa gyara da faɗaɗawa. Abin da ya fi dacewa a rubutun hukuma shi ne *hayar gudanarwa ta shekara 30*. Idan *jingina* ta riga ta kafu a rediyo, harshe ba ya jin umarnin malami, kuma mai yiwuwa ma'anarta ce take faɗaɗa a gaban idon kowa. Amma tafintan da yake gaban taron ƙauye ya wajaba ya warware ta, domin mai sauraronsa da tsohuwar ma'anar zai auna.

Akwai hikimar da ta sa aka haɗa Kainji da Jebba a hannu ɗaya. Jebba tana ƙasa da Kainji da kimanin kilomita 100, kuma ruwan da Kainji ta sako shi ne abincin Jebba. Shiroro da Zungeru su ma haka suke a jere a kan Kogin Kaduna, sai dai su suna hannun kamfanoni biyu daban, wanda hakan ya ƙara wa masu sa ido aiki.

8.6 Mutanen Bakin Kogi

Tafkin Kainji ya tashi mutum fiye da 40,000, ya haɗiye tsohon garin Busa, aka gina musu Sabuwar Busa. Wannan hasara ce ta lokaci ɗaya. Ta mutanen da suke ƙasa da madatsa kuwa kowace shekara take dawowa. Ruwa yakan iso Kainji sau biyu. Na farko shi ne na daminar yankin, mai laka, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, wanda masana suke kira farar ambaliya. Na biyu ya taso ne tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni a hanya, ya iso cikin hunturu ya riga ya tace, shi ne baƙar ambaliya. Bahaushe ma ruwan da ya kwanta ya yi garau *baƙin ruwa* yake ce masa. Mai gudanar da tasha yana son tafki a cike, domin ruwa shi ne jarinsa. Idan ya cika ya riƙe, sai damina ta yi ƙarfi, dole ya buɗe ƙofofi gaba ɗaya don kada katanga ta karye, ruwan kuma ya sauka a kan shinkafar Nufawa. Tsakanin ribar kamfani da gonar manomi babu abin da yake tsaye sai ƙa'idar sakin ruwa da kuma gargaɗi a kan lokaci. Gargaɗin nan shi ma aikin harshe ne. "Za a saki ruwa" ba ta gaya wa kowa ranar da zai kwashe kayansa ba, ko inda ruwan zai kai.

A ambaliyar 2012, wadda sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya tsananta, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 363 sun rasu, fiye da miliyan 2 sun bar gidajensu. Ta 2022 ta ci fiye da mutum 600. Fashewar madatsar Alau a Satumban 2024, wadda ta mamaye Maiduguri, ba ta shafi tashar wuta ba, amma ta nuna abin da yake biyo baya idan aka yi sakaci da duba lafiyar katanga.

Domin rage wa irin waɗannan al'ummomi raɗaɗi aka yi dokar kafa Hukumar Raya Yankunan da Suke Samar da Wuta Daga Ruwa, HYPPADEC, a 2010, mai hedikwata a Minna. Dokar farko ta ce kamfanoni su ba ta kashi 30 cikin 100 na kuɗin shigarsu, daga baya aka rage zuwa kashi 10. Sai da aka shekara 10 kafin a naɗa mata shugabanni. Dokar 2023 ta ƙara mata jihohi, ciki har da Kaduna da Gwambe da Taraba da Nasarawa. Har yanzu ba abin mamaki ba ne a sami ƙauyen da manyan wayoyi suka bi ta kansa amma yana kwana da fitilar hannu, domin lasisin mai samarwa bai ba shi ikon rarraba wa maƙwabtansa wuta ba. Wannan aikin mai wani lasisin ne daban.

8.7 Inda Lasisi Bai Kai ba

Kogin Kwara ya ratso Gini da Mali da Nijar da iyakar Binin kafin ya shigo Nijeriya, kuma takardar Abuja ba ta da iko a kan wanda yake sama. Wannan ne ya sa ƙasashe 9 suka kafa Hukumar Kogin Neja a 1980, mai mazauni a Yamai, a madadin wadda aka kafa a 1964. Tun 1976 Nijeriya take tura wa Nijar wuta ta layin Birnin Kabi zuwa Yamai, kuma jami'an Nijeriya sun sha bayyana cewa hakan yana hana maƙwabta datse kogin daga sama. Duk da haka Nijar ta fara aikin madatsar Kandaji mai megawat 130 a yankin Tilaberi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Nijeriya ta yanke wutar a watan Agusta a bisa takunkumin ECOWAS, ba a mayar ba sai a 2024.

A cikin gida kuma, aikin Mambila a jihar Taraba, wanda aka tsara zai ba da megawat 3,050, ya nuna illar takardar da aka bayar ba tare da an daddale ba. Kamfanin Sunrise Power ya ce an ba shi aikin a 2003, gwamnati ta ce ba a bi ƙa'ida wajen bayarwar ba. A 2017 kamfanin ya kai ƙara kotun sasanta rikicin kasuwanci a Faris yana neman fiye da dala biliyan 2, kuma a Janairun 2025 tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da Buhari, suka je can suka ba da shaida. Har zuwa wannan lokaci ba a fara ginin madatsar ba.

8.8 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin *lasisi* da *izini* da *rajista* kamar yadda aka yi amfani da su a wannan babi, sannan ka kawo misalin kowane daga wani fage daban.

2. Wani ma'aikacin rediyo ya ce, "Gwamnati ta jinginar da madatsar Zungeru." Me manomi zai fahimta daga wannan jimla, kuma ta yaya za ka gyara ta?

3. Bi diddigin kalmar *diyya* daga asalinta zuwa yadda ake amfani da ita a yau, ka nuna inda ma'anarta ta saɓa wa tanadin dokar 1978.

4. Rubuta sanarwar rediyo da ba ta wuce kalma 120 ba, wadda take gargaɗin mazauna ƙasa da madatsa cewa za a saki ruwa. Ka tabbata ta faɗi rana, da wuraren da abin zai shafa, da inda za a koma. Ka karanta wa wanda bai yi karatun boko ba, ka rubuta abin da ya ce ya fahimta.